Taƙi Biyu da Naira Huɗu

Naira huɗu Ja'afaru kafinta yake bin Zuwaira 'yar Malam Datti. Fam biyu ke nan a kuɗin da. Ba wani kuɗin a zo a gani ba ne, amma bashi hanji ne, kuma wannan ɗin sai da ya kusa cinye mutum biyu da ransu.

Ga yadda aka ci shi.

Shekarar da aka yi ta korar ma'aikatan gwamnati ta rediyo, sunan Malam Datti ya faɗo cikin jerin sunayen wata Talata. Shekara ashirin da uku yana akawu, ko allurar ofis bai taɓa kawowa gida ba. Aka ba shi mako biyu ya fita daga kwatas. Suka tattaro suka dawo Unguwar Kanawa, ɗaki biyu na haya. Ɗaya nasa da matarsa Rahmatu, ɗaya na Zuwaira da buhunan kayan da aka rasa inda za a zuba.

Ɗakin nan in ta miƙe ƙafa a gado sai ta taɓa bango. Teburin madubinta mai fuska uku ko ƙofar bai shiga ba, a waje aka yi cinikinsa. Abin da ya rage mata wani ɗan teburi ne tsakanin gado da ƙofa, shi ma fitila da littattafan makarantar da take koyarwa sun cinye rabinsa. Kayan adonta kuwa, wanda uban ya yi ta tara mata tun tana aji ɗaya, da wanda kakarta ta bar mata, a gwangwanin madara ta zuba su. Kullum safiya sai ta zazzage a gado tana warware sarƙa daga ɗan kunne, wata rana har da hawaye. Ba sarƙar take yi wa kuka ba.

Delu dillaliya, wadda ke shiga gida-gida da zannuwa da 'yan kunne, ita ta tarar da ita tana wannan fama.

"Ke 'yar nan, gwal a gwangwani? Ɗauko mayafinki mu je Kawo. Akwai wani kafinta a bayan tasha, hannunsa yana da kyau. Bakinsa ne dai ba ya rufuwa."

Suka same shi a rumfarsa, dogo, baƙi, fensir a bayan kunne, garin katako har a gashin ido. Da ya ɗago ya ga Zuwaira, bakin da aka ce ba ya rufuwa sai da Delu ta maimaita sallama sannan ya buɗe.

Ya fito musu da iri uku. Ɗaya mai faɗi, murfinsa madubi ne. Ɗaya kamar bishiya, da rassan rataya sarƙa. Na ukun dogo siriri, durowa a kan durowa.

"Wannan mai madubin shi matan manya ke so," ya ce. "Amma sai mai fili."

"Ba ni da fili."

"To mai rassan fa?"

"Tagata a kan hanya take, ƙura za ta cinye su. Kuma kowa ya shigo sai ya ƙirga abin da nake da shi."

"Malama ta san abin da take so. Me da me za a zuba?"

Ta lissafa masa: awarwaro shida, sarƙa uku, zobba, 'yan kunne, murjanin kakarta, da tandun kwalli.

"Durowa shida ke nan. In ƙasa ta ƙi mutum, sai ya hau sama. Ta ƙasa mai zurfi, ta awarwaro. Ta sama ƙarama, in shimfiɗa mata karammiski kada 'yan kunne su goge juna. Faɗin wurin fa?"

"Taƙi biyu. Na auna kafin in fito."

Ta ɗaga hannu ta buɗe shi, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ta nuna sau biyu a iska.

Nan fa kuskuren ya shiga. Kafintan da hankalinsa ke jikinsa cewa zai yi ta aza hannun a kan katako ya ja layi. Shi Ja'afaru lallen da ke yatsun ya tsaya kallo. Ya rubuta taƙi biyu a jikin ginshiƙin rumfa, ya manta hannun da zai auna da shi nasa ne, hannun da ke jan zarto tun yana shekara goma, faifai guda.

Suka daidaita a naira shida. Ta ba da biyu.

"Sauran ƙarshen wata," ta ce.

"Sauran sai aiki ya fito. Ba na karɓar kuɗin abin da ban gama ba."

Aikin mako biyu ne. Wata huɗu ya yi yana yin sa.

Duk Juma'a bayan la'asar sai a ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gida. Zuwaira ta fito ta zauna a wancan ƙarshen benci, shi a wannan.

"Yau kuma me aka zo tambaya?"

"Hannun durowa. Na tagulla ko na katako?"

"Makon jiya ka tambaya. Na ce tagulla."

"Na zo in ji ko kin sake shawara."

"Malam Ja'afaru, anya akwatin nan yana duniya kuwa?"

"Yana nan, Zuwai. Tsoron gama shi nake yi. Mai bin bashi ba a hana shi ƙofar gida. Ran da kika biya ni, da wane dalili zan zo?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Can ta ce, "Wa ya ce maka da wuri nake biyan bashi?"

Tsakanin Juma'a da Juma'a kuwa Delu ke ɗaukar wasiƙa a cikin ninkin zannuwanta. Shi a ajin yaƙi da jahilci ya koyi boko, rubutunsa manya-manya kamar an kafa ƙusa.

"Zuwa ga Zuwai, hasken rumfata. Bayan gaisuwa. Yau na gama durowa ta uku. Na sa ta na cire ya fi sau goma don kada ta yi ƙara ta dame ki da safe. Katakon maɗaci ne, zai kai jikoki. Ban ce jikokin wa ba. Naki, mai bin ki bashi."

Ita kuma ta amsa:

"Zuwa ga mai bi na bashi. Na ga saƙonka. Ka bi a hankali da zarto, na ga tsumma a yatsanka ranar Juma'a ka ɓoye. Maganar jikoki kuwa, a fara gama akwati tukuna. Taka, Zuwaira."

Malam Datti ba kurma ba ne, yana jin ƙararrawar keken. Kuma akwai wani mai zuwa a kan babur, Yahaya, ma'aikaci a ofishin da ake bin takardun fansho. Shi ma son Zuwaira yake tsakani da Allah, ya kuma ɗauki alkawarin zai bi wa tsohon fayil ɗinsa har haƙƙinsa ya fito.

Wata Juma'a Malam Datti ya fito da kansa, kuɗi a hannu.

"Samari, nawa ne saura?"

Ja'afaru ya durƙusa. "Naira huɗu ne, Baba. Amma aikin bai fito ba."

"Karɓi. In ya fito ka aiko."

"Ranka ya daɗe, maigidan da ya koya mini sana'a ya hana ni cin kuɗin abin da ban gama ba."

"To ka gama."

Da ya koma ciki ya kira Zuwaira. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa.

"Ni ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma zan fara ba. Amma ki dube ni. An raba ni da ofis, an raba ni da gida, waɗanda ke cin tuwona sun daina gane ni a hanya. Abu ɗaya ya rage da zan nuna in ce ga abin da na yi da shekaruna. Ke ce. Sai kuma a ce 'yar Datti da ta yi makarantar horon malamai tana bayan tasha tana shaƙar garin katako?"

Zuwaira ta tashi ta koma ɗakinta. Da faɗa ya yi mata da ta sami abin riƙewa.

Ana nan, gwangwanin madara ya fara sauƙi. Albashinta abinci yake cinyewa. Kuɗin haya ya taru, awarwaro shida suka bi Delu. Hawan jini ya kwantar da Malam Datti, sarƙa biyu suka bi awarwaro. Mai gidan haya ya ƙara kuɗi, zobba suka tafi. Delu in ta zo karɓa sai ta kawar da kai, ita da ta kai yarinya sayen wurin ajiya, ita ce kuma ke kwashe abin ajiyar. Zuwaira ba ta taɓa faɗa wa Ja'afaru ba. Yana ba ta labarin durowar awarwaro, yadda ya yi mata sanda a tsakiya don su jeru, tana murmushi tana cewa madalla.

Da aikin ya ƙare, Ja'afaru bai aiko shi kamar kayan ciniki ba. Iyayensa sun rasu, ƙanwar ubansa Gwaggo Jummai ce ta riƙe shi, ita ya roƙa. Ta naɗe akwatin a sabon zane, ta haɗa da ƙwaryar goro da turare, ta tafi da wasu mata biyu. Kayan na gani ina so ke nan. Rahmatu ta karɓe su da fara'a, ta shiga ta faɗa wa mai gidan.

Malam Datti ya ce, "A ajiye. Zan yi shawara."

To, kowa ya san abin nan. Kayan da aka ajiye, magana tana da rai. Kayan da aka mayar, magana ta mutu, ba sai an faɗa da baki ba.

Zuwaira ta shiga ɗaki ta kwance zanen. Abu ya yi kyau har ta ji tsoron taɓawa. Jan katako yana sheƙi, hannuwan tagulla, durowa shida suna shiga suna fita ba ko ƙara. Ta ɗaga ta aza a teburi.

Bai zauna ba. Gefe guda ya leƙo waje da yatsu huɗu. Ta kwashe littattafai, ta sauke fitila, ta juya shi ta nan ta juya ta can. In ya zauna sosai, ƙofa ba ta buɗuwa. Kwana uku tana shiga ɗakinta a karkace. Ran na huɗu Rahmatu ta turo ƙofa da tire a hannu, akwatin ya yi tangal-tangal, da ƙyar Zuwaira ta tare shi da ƙirji.

A wannan lokacin ba ta tuna goro da turare ba. Ita a ranta abin da ta yi oda ne ya zo bai yi daidai ba, sai a mayar wa mai aiki ya rage. Ta naɗe shi a zanen da ya zo ciki, don kada ya goge. Ko uwarta ba ta shawarta ba, Rahmatu ta tafi gaisuwar mutuwa.

Delu ta leƙo a gurguje, ƙunshi a ka. 'Yarta ce ta haihu a Birnin Gwari, za ta kama mota a Kawo.

"Tunda Kawo za ki, ki miƙa masa. Ki ce ya yi wa teburin faɗi, ya rage yatsu huɗu."

"An gama, ɗiyata."

Delu ta isa rumfa ba ta same shi ba, ya tafi sayen katako. Ta zaga gidan da ke baya ta sami Gwaggo Jummai tana tankaɗe. Direba yana ta danna ham a tasha.

"Ga shi in ji Zuwaira, a ba Ja'afaru. Bari in gudu kada su bar ni."

Sauran saƙon ya bi ta Birnin Gwari. Kwana arba'in ta ce za ta yi, jegon ya zo da ciwo, sai da ta yi wata biyar.

Gwaggo Jummai ta dubi zanen, nata ne, ita ta saya. Da Ja'afaru ya dawo ta nuna masa da haɓa.

"Ko ba a faɗa maka ba ka san ma'anar wannan. Ko goronmu bai bushe ba. Kuma ba dattijo suka aiko ba, dillaliya. Ka ji ni da kyau, gidanmu ba a roƙo. Ka sake taka unguwar nan, ban yafe ba."

Bai ko kwance ƙullin ba. Ya ɗora shi can saman rumfa.

Juma'a ta zo, Zuwaira ta yi kwalliya da abin da ya rage, ta zauna kusa da taga. La'asar ta wuce, magariba ta yi. Ta ce aiki ne ya riƙe shi, rage katako ba wasa ba ne. Juma'a ta biyu ta ce ko ba shi da lafiya. Ta uku ta daina nema masa uzuri. Duk keken da ya buga ƙararrawa a layin sai ta leƙa ta ga mai kananzir ne ko mai burodi.

Zuwa rumfar namijin da ya riga ya aiko da kaya, budurwa ita kaɗai, ba abin yi ba ne. Mai kai wasiƙa kuma ba ta nan. Sai zuciya ta fara kawo mata nata bayanin. Bakin dillaliya ai ba ya riƙe ruwa. Lalle Delu ta faɗa masa gwal ya ƙare, gidan ba komai sai bashi da mara lafiya. Wa zai so ya ɗauki wannan kaya?

Ta rubuta wasiƙa duk da haka.

"Zuwa ga Ja'afaru. In abin da na ɓoye maka ne ka ji, gaskiya ne. Ba abin da zan zuba a durowa shida. Kunya ce ta hana ni faɗa, kana ta murna da aikinka. Ban ga laifinka ba. Amma da ka zo ka faɗa mini da bakinka, ko daga kan keke ne. Zuwaira."

Ta ninke ta sa a littafin lissafi na aji huɗu. Nan ta zauna.

Damina ta sauka. Rufin ɗakinta ya fara yoyo daidai kan teburin, ta sa kwano. Sarƙa ta ƙarshe ta tafi wajen magani, ta hannun wata dillaliyar da ta cuce su a ciniki. 'Yan kunne suka bi, ɗaya bayan ɗaya. Zuwaira ta rame har zane yana zagaye ta sau biyu. A aji sai ta tsaya da alli a hannu ta manta abin da take rubutawa.

Rahmatu ta ga akwatin ba ya ɗaki, ta tambaya, aka ce yana wajen gyara, ta bar maganar. Malam Datti bai san an fitar da shi ba. Shi dai ya ga keke ya daina zuwa. Sau ɗaya tak ya ce, "Kin gani ko?" Bai ƙara ba. Ɗayan ma ya isa.

Yahaya bai fasa zuwa ba. Mutumin kirki ne, bai kuma yi ƙarya ba. Ya ce ya duba ofis uku, fayil ɗin ba a san inda ya shiga ba. Da aka raba ma'aikata zuwa sababbin jihohi sunan Yahaya ya fito Bauchi. Ya ce bayan ƙaramar salla zai tashi, yana so ya san matsayinsa.

Ana saura kwana shida salla, suna tsinke zogale da uwarta, Zuwaira ta ce, "Inna, zan ce wa Yahaya to."

"Kina son sa?"

"Ba na ƙin sa."

Rahmatu ta tsinke reshe biyu kafin ta yi magana. "To. Amma ba a shiga gidan wani da haƙƙin wani a wuya. Kafintan nan ya zuba guminsa. Ko ya riƙe akwatin, ko ya ƙona, ke dai kin ce za ki biya. Gobe mu je tare."

Da hantsi suka isa Kawo, taɓo har idon sawu. Ja'afaru yana goge wata ƙofa. Shi ma wuyansa ya yi tsawo. Ya gaida Rahmatu har ƙasa, bai dubi Zuwaira ba.

Zuwaira ta kwance bakin mayafi ta ajiye takardun naira guda huɗu a kan bencin aiki.

"Ga sauran kuɗinka, Malam Ja'afaru."

"Ba a biyan kayan da aka mayar, Malama."

"Wane kaya aka mayar?"

Ya nuna sama da fensir. Ga shi can, zanen ya yi baƙi da ƙura, ƙullin da ta yi da hannunta ko motsa shi ba a yi ba.

"Ba ka ma buɗe ba?" ta ce. "Wata biyar ina jiran ka rage mini yatsu huɗu."

"In rage me?"

"Faɗinsa. Ya fi teburin. Ƙofata ba ta buɗuwa. Delu ba ta faɗa maka ba?"

"Delu ta ajiye wa Gwaggo ta hau mota." Ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. "Amma taƙi biyu kika ce. Ga shi can a rubuce. Sau uku na auna."

Rahmatu ta dubi hannun 'yarta, ta dubi nasa. Ta jawo wani guntun katako ta ajiye a tsakaninsu.

"Ke, auna taƙi biyu."

Zuwaira ta auna. Rahmatu ta karɓi fensir ta ja layi.

"Kai ma auna."

Ya auna. Yatsansa ya wuce layin ya yi gaba. Rahmatu ta jera yatsunta a tsakanin, huɗu cif.

Ba wanda ya yi dariya. Ja'afaru ya zauna a kan ƙofar da yake gogewa ya rufe fuska da hannuwan nan nasa. Zuwaira ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

"Ke kuma," in ji Rahmatu, "da karatunki da komai, kayan da suka zo da goro ki naɗe a zanensu ki ba dillaliya? Ni kuma da kika ce yana wajen gyara ban tambaye ki ta yaya ya tafi ba. Duk mun ci bashin yaron nan."

Zuwaira ta share ido. "Ja'afaru, kafin ka ce komai. Ba awarwaro. Ba sarƙa, ba zobe. Duk an sayar. Murjani ne kawai ya rage da tandun kwalli."

"Na sani, Zuwai. Tun durowa ta huɗu na ga hannunki ba ya ƙara in kin gyara mayafi."

"Ka sani ka ci gaba da yi?"

"Shida kika ce."

Saura tsohon. Rahmatu ba ta roƙe shi ba, ta san mijinta. Bayan an sha ruwa ta ba shi labari tiryan-tiryan, ta ƙare da cewa, "Yanzu dai a Kawo an san Malam Datti ya mayar wa marayu kayansu ta hannun dillaliya."

Ya ajiye kofin kunu. "Ni? Cewa na yi a ajiye. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Wa ya ce a'a da bakina?"

Mutumin da aka kora ba laifi, ba abin da ya tsana kamar a ɗora masa abin da bai yi ba. Washegari ya sa babbar rigarsa ta zuwa ofis, ya dogara sanda har Kawo. Gwaggo Jummai ta tara masa dattawan layin biyu a zaure. Ya ba da haƙuri, ya ce kuskuren yara ne, shi bai mayar da kayan kowa ba.

Daga bayan labule Gwaggo Jummai ta ce, "Mun ji, Malam, mun gode. Tunda ba ka mayar ba, kaya suna hannunka ke nan wata biyar. Shawarar ta nuna?"

Dattawa suka zuba masa ido. Malam Datti ya ga inda ƙafarsa ta kawo shi. Ta ƙofar zaure yana hango rumfar, da saurayin a durƙushe a bakinta, kai a ƙasa.

"Na so mata abin da ya fi wannan," ya ce. "Ba zan ɓoye muku ba. Amma na ga yadda ta koma a wata biyar ɗin nan, ina kallo ina cewa zai wuce. Ku turo magabata bayan salla."

Yahaya ya ji, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya tafi Bauchi shi kaɗai. Zirga-zirgar da ya yi wa gidan nan ba wanda ya biya shi, sai dai Allah.

Aka ɗaura aure bayan babbar salla, ba kiɗa ba taro mai yawa. Kuɗin Malam Datti bai fito ba, har ya koma ga Allah bai fito ba. Ɗakin amarya a bayan rumfa yake, bai fi wanda ta baro da komai ba. Ja'afaru ya ƙi rage akwatin. Sabon teburi ya yi masa, wannan karon da hannun Rahmatu a kan katako da layin fensir.

Ranar jere mata suka cika ɗakin. Wata ta ga akwati yana sheƙi ta ce bari a ga abin da 'yar akawu ta zo da shi. Ta jawo durowar sama, murjani. Ta biyu, tandun kwalli. Ta uku ba komai. Ta huɗu ba komai. Ba ta kai ta shida ba, ɗakin ya yi tsit. Rahmatu ta fita tsakar gida wai za ta duba tukunya.

Da za a tafi da amarya, Malam Datti ya dafa kanta. "Na tara miki, na kuma cinye. Ki yafe mini. Allah ya ba ku abin da ba a korar mutum daga cikinsa. Allah ya yi muku albarka."

Washegari da safe Ja'afaru ya shigo da ruwan zafi ya tarar tana rufe durowar ƙasa, mai zurfin nan ta awarwaro. Ya jawo. Takardun naira huɗun nan da ya ƙi karɓa a rumfa ne a kwance.

"Mene ne wannan, amarya?"

"Na biya. Ga shi a cikin aikinka."

"Ban karɓa ba. A cikin akwatinki yake."

"To ɗauka."

"In ɗauka in rasa dalilin zuwa?"

"Ina za ka zo kuma? Ɗakinka ne."

"Duk da haka," ya ce, ya tura durowar ta koma ba ko ƙara.

Sun ga yunwa bayan nan, sun ga ciwo, an yi damina biyu da ba a yi odar ko kujera ba. Ba wanda ya taɓa kuɗin a cikinsu, har gwamnati ta canza takardun suka daina ciwuwa. Ita ta ce ta biya, shi ya ce yana bi. Wanda duk ya san bashi ya san kuɗin da bai shiga hannun mai shi ba, ba a biya ba. Allah ya bar su tare, ya sa kada ta biya.